Kofi Na Huɗu

"Kunnen hagu, ta tsallaken kogi ce," in ji Settimio, yana riƙe da sitiyari hannu bibbiyu. "Wuyan riga, tamu ce. To, wadda ta fi duka fa?"

"In cire tabarau," Ornella ta amsa, fuskarta na kallon taga. "Baba, tun daga gida muke karatun alamun nan. Sau nawa zan faɗa?"

"Ki ƙara faɗa. Bakin naki ƙarewa zai yi?"

Motar ta hau gadar kogin Tanaro. Daga nan mutum na iya hangen tuddan duka biyu, na Barbaresco a baya, na Roero a gaba, kurangar inabi ta fara fitar da sabon ganye a kan wayoyi. Inabin iri ɗaya ne, nebbiolo, kogin nan ne kaɗai a tsakani. Amma ƙasar Roero rairayi ce, ta Barbaresco kuwa laka da farar ƙasa, kuma a kan wannan ɗan bambancin mutanen suke gardama tun zamanin kakanninsu, har an sha fasa zuwa jana'iza saboda ita.

Kowace Lahadi ta farko bayan Ista ake taron gasar giyar inabi tsakanin garuruwan biyu, bana a wancan gefe, baɗi a wannan. Kowane gefe ya kawo kwalba uku, Fada, limamin cocin, ya naɗe su da tsohuwar jarida ya rubuta musu lamba. Alƙali ya ɗanɗana, ya faɗi gefen da kowace ta fito, sannan ya zaɓi gwana. Sauran duk a bokiti ake tofar da su, amma gwanar dole kowa ya cika kofinsa ya shanye tas. Gefen da aka kayar kuma su ne masu wanke-wanke bayan abinci, komai furfurarsu.

Shekara ashirin da biyu Settimio ke alƙalanci. Ɗan Barbaresco ne, amma sau tara yana ba Roero nasara, shi ya sa su ma ba su taɓa neman a canja shi ba. Hancinsa suke girmamawa, babban hanci mai jajayen jijiyoyi wanda aka ce yana jin warin gangar giya mara kyau daga bakin ƙofa. Abin da ba a sani ba, ko abin da shi yake zaton ba a sani ba, shi ne hancin nan ya mutu wata goma sha huɗu da suka wuce. Wata muguwar mura ce ta kwantar da shi kwana goma, ya tashi ya tarar ba ya jin ƙamshin kofi, ba ya jin na sabulu, ba ya jin komai. Likita a garin Alba ta ce wataƙila ya dawo, wataƙila ba zai dawo ba. Harshensa na nan, yana jin tsami, yana jin bauri. Amma giya ba tare da ƙamshi ba ruwan tsami ce kawai, kuma ta Roero da ta Barbaresco duk bakinsu ɗaya a wurinsa yanzu.

Bara bai je taron ba, ya ce ƙafa ce. Bana ba ƙaryar da ta rage masa.

"Baba, har yanzu akwai lokaci," Ornella ta ce. "Ka tashi ka ce musu ba ka da lafiya. Wa zai cinye ka?"

"In ce wa Delfino hancina ya mutu? Ai kafin azahar karnukan Roero ma sun ji."

"To sai me? Ciwo ne, ba sata ka yi ba."

Ta faɗi kalmar, ita ma ta ji nauyinta. Shekararta arba'in da ɗaya, kuma tun da abin ya faru ita ke shiga ɗakin ganguna da asuba tana yanke duk shawarar da a da shi ke yankewa. Masu saye suna zuwa suna sha suna cewa, tsoho bai taɓa yin kamar ta bana ba. Shi kuma ya gyaɗa kai ya karɓa, tana tsaye a bayansa da tsumman goge kofi. Kunya tana cinsa duk ranar da haka ta faru, amma bai taɓa gyara zancen ba.

Delfino ne ya tare su a ƙofar ɗakin taron cocin, gajere, mai tumbi, wanda suka yi firamare tare suka kuma shekara sittin suna zagin juna.

"Ga Mai Hanci ya iso! Ku ba shi hanya, kada ya buge wani da shi. Ƙafar ta warke, ko tsoron namu ne ya warke?"

"Na ji an ce bana ma da ruwan kogi kuka tsinka taku," in ji Settimio. "Na zo in tabbatar."

"Kai dai ka zo da sabulu? Tukwanenmu manya ne."

Aka yi dariya. Mutum wajen sittin ne a ɗakin, dogayen tebura uku, kwandunan siraran sandunan burodi a tsakiya don goge baki, bokitai a ƙasa. Daga kicin mata na yankan taliyar ƙwai, sun rufe ƙofa don kada ƙamshin miya ya dami alƙali. Settimio ya ga ƙofar a rufe, ya kau da kai. A ƙarshen tebur aka zaunar da Goggo Rina, yayar mahaifin Delfino, mai shekara casa'in da uku, wadda kunnenta ya daɗe da tafiya amma bakinta na nan daram. Ornella ta zaɓi kujerar da ke fuskantar ubanta, ta gyara tabarau.

Fada Celso ya yi gajeriyar addu'a, aka zuba ta farko, kaɗan-kaɗan a kowane kofi. Settimio ya ɗaga nasa wajen haske, ya kaɗa, ya cusa hancin nan ciki ya lumshe ido yadda ya saba. Babu komai a wurin, sai sanyin gilashi. Ya buɗe ido kaɗan. Ornella na sosa kunnen hagu.

"Rairayi," ya ce. "Ƙamshinta ya riga ta fitowa, kamar budurwar da ta ji kiɗa. Ta Roero ce."

Fada ya duba takardarsa ya gyaɗa kai, aka yi tafi. Ta biyu ma kunne, ta uku wuyan riga. Duk ya faɗa daidai, kuma kalmomin na fito masa da sauƙi, busasshen furen wardi, kwalta, ƙasar da aka yi wa ruwan farko, don shekara hamsin ke nan suna bakinsa. Abin takaicin ma shi ne ya fara jin daɗi. Tafin na shigarsa yadda ya saba shigarsa, har ya manta na ɗan lokaci cewa ba nasa ba ne.

Aka zuba ta huɗu. Ya kaɗa, ya shaƙa, ya kurɓa. Tsaminta daidai, baurinta mai kyau, ta kama baki ta riƙe. Ya saci kallon 'yarsa. Ta kai kofin hancinta, ta janye shi da sauri, hannunta ya tafi wuyan riga. Sannan ta cire tabarau ta dafe idanunta da yatsu biyu.

Da a ce ya tsaya ya yi tunani, da ya tuna haka take yi tun tana ƙarama duk lokacin da abu ya ɓaci, ranar da ta faɗi jarrabawa, ranar da aka fito daga ɗakin uwarta a asibiti. Amma ba 'yarsa yake kallo ba, alama yake nema, kuma ya samu.

"Tsaya nan," ya ce, ya ɗaga hannu. "Wannan tamu ce. Kuma Fada, a zuba sauran biyun don cika al'ada, amma na riga na ga gwanata."

Ɗakin ya yi tsit. Ya ɗauka girmamawa ce, sai ya saki baki. Ya ce wannan giyar ta tuna masa ɗakin gangunan mahaifinsa. Ya ce duk wanda ke son sanin abin da farar ƙasa ke yi wa inabi ya sa hancinsa a kofin nan, ya ji wardi, ya ji ganyen taba, ya ji tsabta. Tsabta, ya maimaita, yana nuna Delfino da kofin, abin da wasu ba su gada ba. Ornella ta mayar da tabarau tana girgiza masa kai a hankali, shi kuwa ya riga ya juya yana fuskantar jama'a.

Ta biyar da ta shida ya wuce su a gurguje, bai ma dubi kowa ba ya ce ɗaya tasu, ɗaya ta Roero, ya kuwa dace, tunda lissafin uku-uku ne. Fada Celso ya tsaya riƙe da kwalba ta huɗu yana juya ta a hannu, ya dubi Delfino.

"Me kake jira, Fada?" in ji Delfino. "Alƙali ya yi magana. Zuba. Akwai wata irinta a baya, a buɗe..."

"Ita wannan ɗin dai," in ji Settimio. "A raba ta yadda ta kai. Wadda na ɗanɗana ita na zaɓa."

Delfino ya dube shi na ɗan lokaci. Sannan ya miƙa kofinsa aka ƙara masa, ya tashi tsaye, ya ce, "Lafiyar Mai Hanci," ya ɗaga kai ya shanye. Maƙogwaronsa ya hau ya sauka sau biyu. Sauran suka bi shi, tebur bayan tebur, ba mai kallon ɗan'uwansa. Fada ya shanye ya kai hannu kwandon burodi da sauri. Wata matashiya ta toshe baki da tafin hannu. Settimio ya shanye nasa shi ma, yana jiran hayaniyar da aka saba yi, 'yan Barbaresco su buga tebur, a jefa wa 'yan Roero tsumman wanke-wanke. Tafin da aka yi bai kai na jana'iza ba.

"Kai!" Muryar Goggo Rina ce ta tsaga ɗakin, da ƙarfin nan na wanda ba ya jin kansa. "Wane mara tsoron Allah ne ya ba ni wannan? Delfino! Tsumman goge ƙasa kuka matse mini a kofi?"

"Goggo, ci burodi."

"In ci me? Matoshin kwalbar ne ya ruɓe, ko jariri ya sani. Warin fumfuna tun daga can nake jin sa. Ina Settimio? Settimio, kai ma kana zaune aka zuba wannan?"

"Goggo, don Allah..."

"Kada ka dafa ni. Me ya sa kowa ke shan ta kamar magani?"

Settimio ya dubi kofinsa. Matoshi mara kyau ba ya taɓa tsami, ba ya taɓa bauri, ƙamshi kaɗai yake kashewa ya bar warin jiƙaƙƙen kwali, kuma shi ne abu na farko da ake koya wa duk wanda ya shiga wannan sana'a. Shi da kansa ya taɓa mayar da kwalba a bikin auren ɗan shugaban ƙaramar hukuma saboda haka, aka shekara ana labarin. Yanzu ga mutum sittin sun shanye, kuma ba ɗaya da ya yi mamakin cewa bai ji ba. Wannan ne ya fi kashe masa jiki, rashin mamakin. Ya ɗago ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sami abin kallo a kan tebur.

Ya ajiye kofin, ya fita ta ƙofar baya. Kunnuwansa na zafi kamar an mare shi.

Bayan ɗakin akwai ɗan dandali da benci da famfo. Ya zauna ya dafe gwiwoyi. Da ƙasa za ta buɗe da ya gode mata. Ya yi tunanin mota, amma mabuɗin na aljihun kwat ɗinsa, kwat ɗin kuma na rataye a bayan kujerar alƙali. Yana nan zaune ya ji takun Delfino, mutumin ya zo ya zauna a ɗaya gefen bencin yana haki, ya tofar da yawu.

"Wallahi ka ba mu wuya yau. Har yanzu tana maƙogwarona."

"Tun yaushe?" in ji Settimio, bai ɗago ba.

"Ni? Tun kaka. Ka tuna ranar kasuwa da na same ka a shagon kofi na zauna kusa da kai? Karyata ta tono mini farin tartufo da safen nan, naman kazan nan na cikin ƙasa mai tsada da ƙarfin ƙamshi, kamar dunƙulen hannu, yana aljihuna a naɗe da hankici. Mai shagon daga bayan kanta ya ce, wa ya shigo da dukiya? Mutane na ta waige. Kai kuwa awa guda kana ba ni labarin taraktarka."

"Ba ka ce komai ba."

"In ce me? Na koma gida ban iya cin abinci ba, matata ta ɗauka ciwon sukarin ne ya tashi."

"Sauran fa?"

"Naku sun riga mu sani. An ce ka ƙona tukunyar wake hayaƙi ya cika unguwa kana tsakar gida kana karanta jarida. Mai yi maka aski ma ya sani. Fada ya tara mu makon jiya, aka ce duk abin da ka faɗa a bar shi a haka. Kuma ka gaya wa 'yarka ta rage sosa kunnen nan, na ɗauka ƙwarƙwata ce ta kama ta."

Settimio ya so ya yi fushi, don fushi ya fi sauƙin ɗauka, amma bai same shi ba. Wata goma sha huɗu yana shaƙar kofuna a gaban mutanen nan yana lumshe ido, su kuma suna gyaɗa masa kai yadda ake yi wa yaro mai wasan tuƙa mota da murfin tukunya. Ya sa 'yarsa ta yi maguɗi a ɗakin coci, a kan abin da kowa ya riga ya yafe masa.

"Da kun bar ni na ji kunyata tun farko," ya ce.

"Da ka faɗa, da mun bar ka. Kai ne ka ƙi." Delfino ya miƙe yana dafa baya. "Tashi mu je, taliya za ta yi sanyi. Goggo an ba ta cuku ta yi shiru. Ba wanda zai ɗaga maganar, mun sha kaye, za mu wanke. Shi ke nan."

Hanyar a buɗe take, kuma Settimio ya ga yadda za ta kasance. A koma a ci abinci, a yi barkwanci, baɗi a sake naɗe kwalabe a sake yi masa tafi. Ya tashi ya wanke fuska a famfo, ya goge da hannun riga.

Da suka shiga, hira ta ɗauke. Ornella na zaune inda ya bar ta, idanunta sun yi ja. Bai koma kujerarsa ba, ya tsaya a bayanta ya riƙe ta.

"Ba na jin ƙamshi," ya ce. "Tun bara. Na ga alama ni kaɗai ne ban san kun sani ba." Wani ya yi dariya ya haɗiye ta. "Ukun farko 'yata ce ta faɗa mini da hannu. Giyar gidana ta bara da ta bana, wadda kuke yabona a kanta, aikinta ne. Ta huɗu kuma kun sha ta saboda ni, ku yi haƙuri. Fada, a soke ta."

"Me ya ce?" in ji Goggo Rina.

"Ya ce giyar ta lalace, Goggo!"

"Sai yanzu?"

Wannan karon aka yi dariyar gaske, har da masu share ido. Settimio ya ja kujerar alƙali baya ya dubi 'yarsa. "In jama'a sun yarda. Taso, Ornella."

"Baba, ba yau ba."

"Taso mana," in ji Delfino. "Ai dama ke muke kallo tun ɗazu."

Ta zo ta zauna. Aka sake zuba mata biyar ɗin da suka rage, ta bi su a natse, ba ta lumshe ido, ba ta dogon jawabi. Ta koma kan ta biyu sau uku. Sannan ta ɗago ta dubi ubanta kamar mai neman izini, ya kau da kai don kada ta samu.

"Ta biyu," ta ce. "Ta Roero. Ba ta da nauyin ta uku, amma babu abin da za a cire mata."

Fada ya yage jaridar. Ta Delfino ce. Ɗakin ya kaure, 'yan Roero na buga tebur, tsumman wanke-wanke ya tashi sama ya faɗo a kafaɗar wani ɗan Barbaresco da ke cewa gara ma tsohon, aƙalla shi ɓatacciyarmu ya zaɓa. Aka cika kofuna. Settimio ya shanye nasa tare da kowa, tsami da bauri, kamar ta huɗun.

Bayan an ci taliya da naman da aka dafa da giya, 'yan Barbaresco suka naɗe hannun riga suka shiga kicin. An so a hana shi, ya ture hannun mai hanawar ya kama wajen kofuna, don ba a yarda kowa ya wanke su ba. Ruwan zafi, sabulu ɗan kaɗan, ɗauraya uku. Ornella ta zo ta tsaya gefensa da tsumma, ko da yake alƙali ba ya wanke-wanke.

Ya ɗauraye na farko, ya girgiza ruwan, ya ɗaga shi zuwa hancinsa don ya ji ko sabulu ya rage, yadda mahaifinsa ya koya masa, yadda shi ma ya koya mata. Kofin ya kai rabin hanya hannunsa ya tsaya. Matan kicin na kallo, Delfino ma na jingine a bakin ƙofa yana sakace haƙori.

Settimio ya miƙa mata kofin.

"Ji mini wannan," ya ce.

Ta shaƙa, ta miƙo masa.

"Da saura, Baba. Ƙara ɗauraye shi."

Ya karɓa ya mayar ƙarƙashin famfo.